Wa Zai Riƙe Igiya a Farin Dutse

Tun da na dawo daga ƙasar Damagaram ban sami sukuni ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a ofis a tare ni, har a wurin zaman makoki wani ya taɓa matsowa kusa da ni yana raɗa: "Malam Isiyaku, wai da gaske ne an zura ka cikin rijiya?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Na kuma ji yadda taubashina Tanko yake baza labarin a kasuwar Gwaram, yana ƙara masa abin da bai faru ba. Saboda haka na ga ya kamata in zauna in rubuta shi sau ɗaya, daidai yadda ya auku, domin mai tambaya ya karanta ya bar ni in huta.

Ni ne mai kula da aikin rijiyoyi a ƙasar Birnin Kudu, har zuwa Gwaram da ƙauyukanta, tun zamanin En'e. A dā ina da mahaƙa waɗanda na horar da hannuna, kuma ba na jin kunyar a duba aikinsu. Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, sai suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan Kano, wancan Kaduna, wani ma Ikko, inda ake gina benaye ana neman duk wanda ya san kwaɓa siminti. Magina suka tafi, kafintoci suka bi su. A ƙarshe mahaƙi ɗaya tak ya rage mini, sunansa Garba, shi na sa a rijiyar da muka fara a Farin Dutse. Masu jan igiya kuwa leburori ne na yini, waɗanda nake ɗauka duk inda na same su.

Wata rana da hantsi, Garba yana can ƙasa, motar wani kamfanin gina titi ta tsaya a bakin gari tana hon, ana shelar neman ma'aikata. Leburorin nan sun riga sun jawo gugan ƙasa sama. Suka ajiye shi tare da igiyar, suka ruga suka hau mota. Garba ya wuni a ƙasan rami yana ihu, ba igiya, ba ruwan sha, sai da la'asar matan da suka dawo daga rafi suka ji muryarsa. Da aka fito da shi bai zagi kowa ba. Ya yi wanka, ya ɗaure kayansa, ya nufi Kano.

Rijiyar ta rage a buɗe, samanta an sa zoben kankare, ƙasanta kuwa yashi tsirara. Dagacin garin ya same ni ya ce, "Malam, kai ka buɗe mana ramin nan. In damina ta faɗi a kansa haka, zai rufta ya ja katangun da ke kusa, kuma matanmu su ci gaba da tafiyar rafi. Ka san yadda za ka yi." Gaskiya ya faɗa. A lokacin bazara ta riga ta shigo, zafi ya tsananta.

Tanko ne ya kawo shawara. Shi ɗan gwaggona ne, falken shanu, mutum mai ƙiba da yawan surutu, wanda bai taɓa ɗaura mazagin wandonsa daidai ba. Tun muna yara, da aka kai ni makarantar mishan, yake kira na Baturen ƙauye, ni kuwa al'ada ta hana ni in yi fushi. Ya ce a arewa da Maigatari akwai mahaƙan da suka saba da rijiyoyi masu zurfin gaske, kuma fari ya kashe dabbobin masu ba su aiki. Ya ce zai raka ni. Na yarda ba don ina son rakiyarsa ba, sai don shi ya san hanya.

Daga Birnin Kudu muka shiga motar kaya zuwa Kano. Da na dubi direban sai na gane shi, bara war haka shi ne karen motar. Maigidansa ya tafi jan tankar mai, aka miƙa masa sitiyari. Da muka tunkari gadar Wudil bai rage gudu ba, ga wata mota tana tahowa daga can. Na rufe ido na kama ƙarfen da ke gabana. Tanko ya ce, "Baturen ƙauye, buɗe idonka ka ga mutuwarka, kada a tambaye ka a can ka ce ba ka san yadda aka yi ba." Allah ya fisshe mu, amma gefen motar ya goge ƙarfen gada, har buhun wata mata ya faɗa kogi.

A Kano, kusa da tashar da ake shiga motar Gumel, na hangi Garba a jikin wani bene da ake ginawa, yana hawa tsani da kwanon kankare a ka. Na jira ya sauko. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi kamar yadda ya saba. Na roƙe shi ya dawo, abin da ban taɓa yi wa wani na ƙasa da ni ba. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ma ana mutuwa. Amma nan in na faɗo, mutane suna gani na." Ya ɗauki kwanonsa ya koma. Maganar nan ta bi ni har iyaka.

A Maigatari muka sauka gidan fatoman Tanko, wato mai masaukin fatake wanda yake musu dillanci. Ɗakin da aka ba mu babu ƙyaure, tabarmar kuma tana warin fata. Tuwon da aka kawo na gero ne, da miyar kuka mai tsami, Tanko ya cinye nasa ya ƙarasa nawa. Ba abincin ne ya hana ni ci ba. Bayan magariba na fita alwala, sai na ga walƙiya can nesa a gabas, ta yi sau ɗaya ta ɓace. Na tsaya da buta a hannu ina tunanin yashin nan na Farin Dutse.

Ƙetare iyaka ya fi ƙarfin haƙurina. Jandarmomin can, wato 'yan sandansu, ba su jin Ingilishi, wanda na sha bulala kafin in iya shi, Hausa kuwa suna ji sarai amma sai sun ga dama. Muna isa aka busa ƙaho za a ɗaga tuta, kowa ya ƙame inda yake, har mai tallar goro da tire a ka. A wurinmu sai 'yan makaranta da sojoji ake wa haka. Tanko bai daina tauna rake ba, aka sa shi ya tsaya a rana har inuwa ta gajarta. Sa'an nan aka zazzage jakata, wani jandarma ya ɗago dalmata, wato ɗan ƙarfen nan mai tsini da ake ɗaura wa zare don a gane ko gini ya miƙe. Ya juya ta, ya kira ɗan'uwansa, suka yi magana da Faransanci suna kallona. Na fahimci harsashi suke zato. A bayan ofishin akwai wani ɗaki mai ƙaramar taga da nake jin wani yana tari a ciki.

Na nemi izini in nuna musu amfaninta. Na rataye zaren a jikin bangon ofishinsu, dalma ta sauka ta tsaya, sai ga bango ya kauce mata da kusan faɗin yatsu uku. Na ce, "Kun gani, wannan bangon a karkace yake." Tanko ya taka mini ƙafa da dukan nauyinsa. Jandarman ya dubi bango, ya dube ni, ya jefa dalmar cikin jaka ya ce da Hausa tsantsa, "Tsoho, ɗauki kayanka ka wuce kafin in gano wani abu a karkace a jikinka." Har yau ban ga laifin da na yi ba, bangon a karkace yake.

Daga nan titi ya ƙare. Motar da muka samu ta kafe a rairayi, muka tura, ta sake kafewa, daga bisani muka bar ta muka hau amalanken shanu. Gefen hanya ƙasusuwan dabbobi ne fari fat, wani wuri garke guda a kwance. Mutanen ƙasar suna da karamci, amma abubuwansu dabam ne. Fura, wadda mu muke sha da rana don rage zafi, su ita ce abincin safe da na yamma. Shayinsu ɗaci ne ƙwarai, a ɗan kofi kamar murfin kwalba, kuma ba a tashi sai an sha zagaye bayan zagaye. A wani ƙauye aka kawo mini ruwa na wanke hannu yadda na saba, ina zubarwa ƙasa. Wata tsohuwa ta yi wuf ta tara ƙwarya a ƙarƙashin hannuna, ta kai wa akuyarta abin da ta tara. Ban sake wanke hannu haka ba har na bar ƙasar.

Mutumin da muka je nema ana kiransa Sarkin Haƙa Ma'azu. Dogo ne baƙi, mai babbar murya, yana zaune a kan buzu kamar mai jiran a kawo masa gaisuwa. Ban ga alamar tawali'u a tare da shi ba, shi ma na tabbata bai ga tawa ba. Na yi masa bayani a tsare, na ce mahaƙa huɗu nake so, masu jan igiya kuwa zan samar musu leburori a can.

Ya ce, "Leburori? 'Yan'uwan wa?"

Na ce ba 'yan'uwan kowa ba ne, ma'aikata ne.

Ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun ji mutanen Najeriya. Mai ya yi musu yawa har sun fara zura mutum a rami su ba baƙo igiya." Suka yi dariya. Sa'an nan ya ce mini, "Malam, a nan ba a ɗaukar mahaƙi shi kaɗai. Mai shiga da mai riƙo tare suke tafiya, wa da ƙane, ko uba da ɗa. Yau wannan a ƙasa, gobe wancan. Kowa na iya taya ja, amma wutsiyar igiya a ƙugun jininka take ɗaure."

Na ce aiki da horo da doka ake yinsa, ba da dangantaka ba. Na ce na san 'yan'uwa ciki ɗaya da suka kai juna gaban alƙali a kan gona.

Ya ce, "Ni ma na san su. Zura ɗaya ka ba ɗayan igiya, ka ga ko zai saki. Da wane ido zai shiga ɗakin uwarsu da yamma?"

Na ba shi labarin Garba ba tare da na rage komai ba. Ya daina dariya. Ya ce ba zai ba ni yaransa ba, domin shi ma naira ta kwashe masa rabinsu, kuma duk wanda ya ratsa Kano ya ga benaye ba zai ƙarasa Farin Dutse ba. Abin da zai iya shi ne ya zo da kansa, shi da ƙanensa, su gama rijiyar, su koya wa 'yan garin bibbiyu, yadda in sun tafi aikin zai zauna. Sai ya ƙara da cewa, "Amma al'adarmu, mai ɗaukarmu aiki shi yake fara shiga. Ya sauka har ƙasa, nasa yana riƙe da shi, don ya san abin da yake aika mutane su yi. Wannan mai tumbin, jininka ne?"

Tanko ya ce, "Uwata da ubansa ciki ɗaya. Amma Sarki, ka ba shi wani, ni tun muna yara nake neman hanyar rabuwa da shi."

Na shiga rijiyoyi a ƙuruciyata, ba zan ce ban shiga ba. Amma namu ba su kai rabin zurfin nasu ba, kuma rabona da rataya a igiya tun gemuna yana baƙi. Na dubi mutanen Ma'azu, ƙarfafa, masu hannu kamar itace. Na dubi Tanko, hularsa a karkace, ɓawon rake a gaban rigarsa. Na roƙa a bar ɗaya daga cikinsu ya ɗaura wutsiyar. Ma'azu ya ce in haka ne in koma gida lafiya. Na ɗaga kai na dubi gabas, gajimare ya fara taruwa fari-fari. Na cire babbar rigata na ninke ta.

Rijiyar da zan shiga tana nan bayan garinsu, sabuwa ce ba a kai ga ruwa ba. Aka fara zura fitila a ga ko iskar ƙasa tana da kyau, ta sauka har ta zama kamar ƙwayar gero, ba ta mutu ba. Aka ɗaura wani guntun itace a bakin igiya na zauna a kai. Igiyar ta bi ta kan gungumen da aka gicciya a bakin ramin, mutum biyu suka kama, Tanko yana bayansu. Na ga ya naɗa wutsiyar a ƙugunsa, ya ƙulla, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ban taɓa ganin ya maimaita aiki don ya gyara ba sai ranar. Bai yi mini ba'a ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Aka fara sassautawa. Zafin rana ya yanke, sanyi mai warin ƙasa ya taso. Muryoyin sama suka koma kamar ana magana cikin tulu. Yashi yana zubo mini a ka kaɗan-kaɗan, kowane zubowa sai in ce bangon ne ya taho. Na ɗaga kai, sama ta zama kamar faifai, can ta zama kamar bakin ludayi. Ina juyawa a hankali a kan igiyar, ba abin kamawa.

Ban san zurfin da na kai ba sa'ad da igiyar ta kuɓuce. Daga baya aka gaya mini yashin bakin rijiyar ne ya zame a ƙarƙashin ƙafar na gaba, ya faɗi ya ture na biyu. Ni dai na ji itacen ya tafi da ni, bango yana gudu sama. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Sai igiyar ta ƙame gaba ɗaya, har haƙorana suka haɗu, kafaɗata ta bugi bango. Na rataya a duhu ina lilo, ƙasa tana zubo mini. Can sama na ji wani irin nishi kamar na sa da aka kayar, sa'an nan muryar Tanko, a shaƙe: "Isiyaku! Yaya! Yi magana!" Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin a yi mana kaciya.

Na ce ina nan. Ma'azu ya leƙo ya ce za su jawo ni. Na ce a'a, sharaɗin har ƙasa ne, a ƙarasa. Ba jarumtaka ba ce, na san in na fito a lokacin ba mai sake mayar da ni. Aka ƙarasa da ni, na taka ƙasan ramin, na tsaya kusa da fitilar. Na dubi ɗigon hasken nan na sama, na tuna Garba ya wuni yana kallon irinsa, ba igiya a gabansa. Ni ga tawa a hannu, ina jin motsin mutum a ɗaya bakin.

Da aka fito da ni na tarar da Tanko zaune dab da bakin rijiya, inda igiyar ta jawo shi, dugadugansa sun tona rami biyu a yashi. Tafin hannuwansa duka biyu sun saluɓe, ana zuba masa toka. Ya dube ni ya ce, "Baturen ƙauye, ashe duk ƙashin nan naka nauyi gare shi." Na juya ga Ma'azu na gaya masa cewa daga wajen tsakiya zuwa ƙasa raminsa ya karkata yamma, kuma in aka sa zobe a haka ba zai zauna ba, in yana shakka ga dalmata a jaka. Ya ƙura mini ido, sa'an nan ya fashe da dariya ya ce, "Mutum jikinsa na ɓari yana duba mini aiki! To, taho da ƙarfen nan naka, za mu shirya."

Komowarmu ba ta da labari, sai dai duk inda muka tsaya idona yana gabas. A Farin Dutse dagaci ya tara mutane, muka zaɓi 'yan'uwa bibbiyu, magidanta masu gona da iyali a garin, muka tsara aikin ya riƙa faɗowa tsakanin kaka da shuka don kada ya raba kowa da gonarsa. A ofis an ce wannan ba ya cikin tsari, na ce a kawo mini wasu mahaƙan in akwai. Ma'azu yana koya musu haƙa da riƙo, ni ina koya musu zuba zobe da saita shi da dalma. Mun yi faɗa da shi kusan kullum.

Ana saura zobba kaɗan a gama, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai ga motar kamfanin nan ta dawo ta tsaya a inda ta tsaya dā, tana hon. A ranar wani magidanci mai suna Sale ne yake riƙo, ƙanensa Hudu yana ƙasa. Samari suka fara gudu suna hawa, har da ɗaya daga cikin masu taya ja. Mai shela yana faɗin abin da ake biya a wata, abin da Sale ba zai samu a shekara ba. Na tsaya a bayansa ina kallo kawai, domin na riga na san doka ba ta riƙe igiya. Sale ya waiwaya ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta. Sa'an nan ya gyara ƙullin ƙugunsa, ya sunkuya a bakin ramin ya ce, "Hudu, cika guga mana, ka bar ni tsaye a rana!"

Ruwan farko ya sauka bayan mun ɗaure bakin rijiyar, kuma tana nan ana sha. Motar za ta sake dawowa, na sani, kuma har yanzu in na ji hon a bakin gari gabana yana faɗuwa.

Abin da Tanko yake faɗa a kasuwa, wai na kira sunan mahaifiyata ina kuka a cikin rami, ƙarya ce, kuma na gaya masa a gaban mutane. Amma tabon da ke tafin hannuwansa gaskiya ne. Duk mai shakka ya je Gwaram ranar kasuwa, ya same shi a wajen shanu, ya ce ya buɗe masa hannu.